Ranar da Aka Tambayi Babana Halina

Babana bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma wani laifi na yi masa ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma a Dakoro ta wancan zamani mutumin kirki ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Idan yana nemana sai ya ce wa ƙannena su kira masa "wancan". Idan mu biyu ne kaɗai sai ya yi gyaran murya, ni kuma in gane da ni ake. Innata ma haka take, har ta fi shi. In na shiga ɗakinta sai ta tuna tana da aiki a madafi. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga gwaggo, yayar Baba, wadda darni ɗaya ne ya raba gidanta da namu. Ita ce mai ikon kiran sunana, ta zage ni in ta ga dama, ta yabe ni in ta ga dama, kuma ko wanne ta yi sai unguwa ta ji.

Sana'ar Baba haƙar rijiya ce. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ruwanmu yana da nisa, sai an bi shi gaba talatin, gaba arba'in, wani wuri ma fiye, har mai haƙa in ya ɗaga kai daga ƙasa bakin rijiyar bai fi faifai ba a idonsa. Da an gama girbi Baba zai ɗaure dagi da igiya ya yi arewa wajen Azagor, inda Fulani da Abzinawa ke kiransa, ba mu sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Kowace shekara yana dawowa da sabon tari a kan tsoho. Na san abokan aikinsa biyu da ƙasa ta rufta da su, aka yi musu salla a bakin ramin domin ba a iya fito da su ba.

Sau ɗaya na taɓa binsa, ina ɗan shekara goma sha biyu, zuwa wata rijiya a Rumbu. Yana can ƙasa iska ta ƙare masa, kamar yadda takan yi a rami mai zurfi, igiyar da yake girgizawa in yana son a ja ƙasa ta daina motsi. Mutanen da ke sama suka ruɗe, wannan na cewa a sauka, wancan na cewa a kira malam. Ban san inda na samo murya ba. Na san kullum yana ɗaure igiya ta biyu a ƙugunsa, sai na daka musu tsawa na ce ita za su kama, na jera su ɗaya bayan ɗaya ina ba su lokacin ja, manya masu gemu, suka kuwa bi. Aka fito da shi a sanƙame, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Da ya dawo hayyacinsa ya dube ni sau ɗaya, sannan ya tambayi inda aka ajiye takalmansa. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ba da son kowa na shiga ba. An ce kowace unguwa ta kawo yara, mai unguwa ya duba gidajen da ba su da bakin ƙi, namu na ciki. Sai Allah ya sa kaina ya ɗauki lissafi. Daga Dakoro aka tura ni Maraɗi, daga Maraɗi sai Yamai, kuma ƴan shekaru bayan ƙasa ta samu ƴancin kai aka zaɓe ni zuwa makarantar injiniyoyi a wata ƙasa maƙwabciya, tafiyar kwana uku a mota. Fannin ruwa na zaɓa, kuma na san dalilina. Na taɓa ganin Turawa sun kafa injin haƙa a daji, suka yi furaji, wato rijiyar da inji ke hudawa, cikin ƴan makonni, ba tare da wani ɗan Adam ya shiga rami ba. Tun ranar na ƙudurta ni zan kawo wannan inji wajenmu, in ce wa Baba ya jingine daginsa ya huta. Yadda zan faɗa masa ban sani ba, na bar wannan sai lokacin ya zo.

Tsarin makarantar shi ne, shekara uku ka fita da takardar mataimakin injiniya, mai riƙe wa wani ma'auni. Wanda ke son zama cikakken injiniya, mai ikon cewa a huda nan kada a huda can, sai ya ƙara shekara biyu a ƙetaren teku, kuma wannan ba karatun ɗan mahaƙin rijiya ba ne sai da bursi, wato a ɗauki nauyinsa. Akwai bursi guda ɗaya tak da wasu masu taimakon karatu na can ƙetare ke ba ɗan ƙasarmu da ya kai shekarar ƙarshe. Su ba maki kaɗai suke dubawa ba. Sun ce ƙasashen da suka fito daga hannun Turawa suna bukatar masu iya jan mutane, saboda haka ɗalibin da ya shugabanci ƴan'uwansa, ya yi wa makaranta hidima, shi suke nema.

Abin dariya, ni da ba na iya haɗa kalma biyar a gaban Baba, a can bakina ya buɗe har ya so ya yi yawa. A shekarar farko ƴan ajinmu suka zaɓe ni delege, mai kai kukansu wurin darekta, a ta biyu kuma na zama na makaranta duka. Ni na sasanta rikicin ɗakin cin abinci, lokacin da ƴan bakin teku suka ce sun gaji da tuwon gero, mu kuma muka ce shinkafa ba ta riƙe ciki, har aka kusa ba hammata iska a kan tukunya. Na raba kwanakin mako, kowa ya ci nasa ya yi tsaki ranar na wani. Na tara ƴan ajinmu muka gyara famfon unguwar da ke bayan katangar makaranta, wanda ya shekara a mace, matan wurin suka yi ta kawo mana gyaɗa har muka gaji da ci. Ranar Lahadi muna koya wa masu dafa mana abinci da masu shara karatu da rubutu. Ni ba waliyyi ba ne. Ina jin daɗin a tafa mini, kuma ina son jin muryata a cikin taro. Amma aikin an yi shi, kuma ni na ja gaba.

Dab da hutun shekara ta biyu darekta ya kira ni biro, wato ofishinsa. Wani dattijon Bature ne mai yawan shan taba, yana sona don ina rage masa ciwon kai. Ya ce ya sa sunana, kuma mu biyu muka rage cikin ƴan ƙasarmu, ni ne a gaba. Abu ɗaya ya yi saura. Masu bursin sun taɓa ɗaukar wani ya je can ya zame musu ɗan tayar da zaune tsaye, ga shi kuma a shekarun nan hukumomi ba su sakin jiki da ɗalibi mai baki. Don haka kafin su yanke sai an aika mai bincike gidan kowannenmu, ya tambayi mahaifinsa halinsa, a rubuta a sa hannu. Darekta ya ce wannan ba komai ba ne, wane uba ne zai ɓata ɗansa? Na taya shi dariya.

Na iso gida da damina, gero ya kai gwiwa. Gwaggo na fara faɗa wa, don ita ce hanyar da duk maganata ke bi kafin ta isa kunnen Baba. Ta rangaɗa guɗa, ta ce in bar mata, ita za ta zaunar da ƙanenta ta koya masa abin da zai ce kalma bayan kalma, in ya ƙi kuma ta amsa a madadinsa. Takardar da na zo da ita ta ce sai ƙarshen wata mai binciken zai zo, saboda haka ba mu ga abin gaggawa ba. Kwana biyu bayan haka aka aiko daga Sabon Maci cewa ɗiyarta ta haihu. Ta ɗaure kayanta ta bi ƴan kasuwa, ta ce sai an yi suna za ta dawo, maganar kuwa tana nan a bakinta, ba ruɓewa za ta yi ba.

Kwana biyar muna noma ni da Baba kafaɗa da kafaɗa. Sau uku na shirya maganar. Na tsara ta da Faransanci a kaina, na juya ta da Hausa, na rage nan na gyara can. Amma me zan ce? In ce Baba, wani zai zo, ka gaya masa ni mutumin kirki ne, ka gaya masa mutane na bina? Ɗan da ya roƙi ubansa yabo, a wurinmu ya gama zubar da mutuncinsu su biyun. Sau ɗaya har na ce "Baba", ya tsaya ya dogara da hauya yana jira, idonsa a ƙasa. Sai na ce masa ga alama za a yi ruwa da yamma. Ya dubi gabas ya ce da wuya. Muka ci gaba da noma.

Rana ta shida Juma'a ce, ba mu je gona ba. Da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ashe mai binciken ya samu motar da za ta arewa, ya ga gara ya rage aiki tun ruwa bai yanke hanya ba. Saurayi ne, bai girme ni sosai ba, da wando da jakar fata, an haife shi a bariki ya tashi a birni, Hausarsa ta kasuwa ce. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Ya yi sallama da ladabi, ya tuɓe takalmi, ya ƙi kujera ya zauna a tabarma. Kafin a kawo masa ruwa zaure ya cika da maƙwabta, don mota ba ta tsayawa a unguwarmu a banza. Ni na durƙusa a bakin ƙofa, inda ɗa ke zama.

Baƙon ya kama sunana ɓaro-ɓaro, Baba ya kau da kai kamar an ambaci abin da bai kamata ba. Baƙon ya ce manya ne ke son sanin halina, ko ina da biyayya, ko samari na jin maganata, ko ina da amfani a gari, domin akwai batun tafiya da ni ƙetare. Bai ƙara bayani a kan wannan ba, a zatonsa mun riga mun yi zancen a gida. Na ga fuskar Baba ta sauya sa'ad da ya ji an ce tafiya. Ya gyara zama, ya ce:

"Wancan? Ranka shi daɗe, ni ban ga abin da anka gani gare shi ba. Ba shi jin magana, taurin kai gare shi."

Mai binciken ya ɗaga kai daga takarda. Ya sake tambaya a hankali, ko samarin gari na girmama ni, suna bin shawarata.

"Wa za ya bi shi?" in ji Baba. "Shi da ko hauya bai iya riƙo ba. In ya zo hutu, ban da kwana da yawon banza babu abin da shika yi."

Dattawan zauren suka gyaɗa kai, wani har da murmushi. Su sun san abin da ake yi. A wurinmu gwargwadon yadda uba ya kushe ɗan farinsa gwargwadon yadda yake ji da shi ke nan, yana kare shi ne daga bakin mutane, kuma ƙaramin yaro ma ya san haka. Amma alƙalamin baƙon tafiya kawai yake yi, ina jin ƙararsa a kan takarda.

Da ya gama sai ya juyo gare ni ya tambaye ni ko ina da abin cewa. Da Faransanci ya yi tambayar, harshen da a duk zauren mu biyu kaɗai ke ji. Da na ce masa wannan al'adarmu ce, ya dakata gwaggona ta dawo ko ya tambayi liman a keɓe, da an gama, kuma ba wanda zai san abin da na faɗa. Amma in yi magana a kan maganar Baba, a gaban abokansa, da harshen da ba ya ji? Delegen makarantar injiniyoyi, wanda ya sha tsayawa gaban darekta yana buga tebur a kan miyar ɗalibai, ya sunkuyar da kai ya ce babu. Na yafe wa kowa a cikin wannan labari tun da daɗewa, ban da mai wannan amsa.

Mai binciken ya karanta abin da ya rubuta ya fassara, Baba ya ce haka ne, ya dangwala yatsa. Ya sa aka kama zabuwa aka ɗaure aka ba baƙo, ya raka shi har bakin mota. Bayan motar ta tashi liman ya ce Baba ya yi magana irin ta manya, sauran suka ce ƙwarai kuwa.

Gwaggo ta dawo bayan kwana uku da ƙwaryar kayan suna a kanta. Ban bari ta sauke ba na gaya mata. Ba ta zagaya ta ƙofa ba, darnin ta keta ta faɗa gidanmu, ni kuma na tsaya daga wannan gefe ina ji. Ta wanke ƙanenta tas, ta tuno masa laifuffukan da ya yi tun yana yawo ba wando. Ya bari har ta gaji, sannan na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kin mance ranar da anka zo da takarda anka tambayi tsohonmu ƙarfin ɗansa?"

Daga baya gwaggo ta ba ni labarin, wanda ban taɓa ji ba sai ranar. Akwai ɗan'uwansu da aka haifa tsakaninta da Baba. A zamanin aikin dole wani ya zo da takarda da alƙalami, ya zauna a zaure da ladabi, ya tambayi kakana game da shi. Da yake ba ɗan fari ba ne, kakana ya saki baki ya yabe shi, ya ce ba mai kayar da shi a kokawa, kuma duk inda ya sa gaba samari na biye. Washegari aka tafi da shi aikin hanya, aka ce shi zai ja sauran. Bai dawo ba, ko kabarinsa ba a san inda yake ba. Baba yana ƙarami a lokacin, yana durƙushe a bakin ƙofa yana ji.

Da gwaggo ta sake magana muryarta ta sauka, amma ba ta sassauta masa ba.

"Wancan zamanin Nasara ne. Wanga karatu za su kai shi, shi dawo da injin da za ya hid da kai daga rami. Ka sa yatsanka ka ruhe mishi hanya."

Ranar Baba bai fita hira ƙofar masallaci ba, tuwonsa ma haka aka ɗauke shi. Da safe na ji gyaran murya a ƙofar gwaggo. Na leƙa na gan shi cikin rigarsa ta salla, yana duban bishiyar da ke tsakar gida, ya ce wa iska a gaya wa wancan ya shirya, Maraɗi za mu.

Motar ƴan kasuwa muka shiga, mai ɗauke da fatu da awaki, muka wuni muna kafewa muna turawa. A Maraɗi muka tarar mai binciken ya wuce Yamai da takardunsa. Kwana biyu muna zaman benci kafin aka shigar da mu wurin shugabansa, wani dattijo ɗan garin mai furfura a gemu. Na yi masa bayani a taƙaice. Ya dafe kai ya ce da shi ne ya je, ko kusa ba zai tambayi uba ba, gwaggo zai nema ko maƙwabci, amma masu tsara takardar layin uba kaɗai suka bari. Ya ce ta farko ta riga ta tafi, ba mai dawo da ita, sai dai ya rubuta wata ta bi bayanta in Baba na da abin da zai ƙara. Ya ɗauki alƙalami yana jira. Baba ya dubi bango, ya dubi rufi, ya ɗan saci kallon inda nake tsaye.

"Ba shi sata," in ji shi. Sannan ya ƙara, "Shina salla."

Dattijon ya yi murmushi, ya ce in fita in nemi inuwa.

Na zauna a gindin bishiyar bedi daura da tagar biron, tun hantsi har aka kusa kiran azahar. Ina jin muryar Baba ta cikin taga, ba na jin kalmomin, tana tafiya ba tsayawa. Tun da nake ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba, ko a wurin cinikin rijiya. Taku biyar ne tsakanina da tagar. Da na matsa da na ji komai, ba kuwa mai hana ni. Na zauna inda nake ina tsinke ganye.

Da ƙofa ta buɗe Baba ya wuce ni bai dube ni ba, idanunsa sun yi ja, ya ce wa masinja ya nuna masa wurin alwala. Dattijon ya fito da ambulan a liƙe yana murza yatsunsa. Ya ce shafi huɗu ya cika, hannunsa har ya sage. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce:

"Ashe kai ne yaron Rumbu. Ya ce kana ɗan sha biyu ka jera masu gemu suka bi ka."

Na roƙe shi ya gaya mini sauran. Ya girgiza kai ya ce Baba ya ɗauki alkawarinsa cewa ba zai karanta mini ba. A hanyar komawa Baba ya matsa ya bar mini gefen da rana ba ta bugu, ya ɓara goro ya miƙo mini rabi yana duban daji.

Wata ɗaya da komawata makaranta darekta ya kira ni. Bai kunna taba ba, daga nan na gane. Ya karanta mini abin da masu bursin suka rubuto, cewa bisa shaidar mahaifinsa na cikinsa ɗalibin ba ya jin magana, mai taurin kai ne, ba shi da mabiya a garinsu. Sun ba ɗayan, ɗan wani ma'aikaci a Yamai, wanda ubansa ya san yadda ake amsa wa takarda. Yaron kirki ne, na sha koya masa lissafi, ba ni da abin faɗa a kansa. Darekta ya rubuta ya tambayi labarin wasiƙa ta biyu, aka amsa masa cewa ta iso bayan an tashi daga zama, an sa ta a cikin dosiye, wato fayil ɗin takarduna, kuma ba a neman bursin sau biyu. Ya tambaye ni me na yi wa ubana ya tsane ni haka. Na fara yi masa bayani, na ga yana dubana da tausayi irin na wanda bai yarda ba, sai na bari.

Na gama shekara ta uku na fito mataimaki, kuma a mataimaki na yi ritaya. Aikina shi ne in riƙe ma'auni, in zura igiya cikin rijiyoyin mutane in rubuta zurfinsu, in nuna wa injiniyoyin da na girma inda ruwa yake, su sa hannu. Na sha rubuta roƙon a kawo inji wajenmu, amma takardar mataimaki a ƙasan tari take kwana. Da shekarun fari suka zo ruwa ya ƙara gudu ƙasa, aka rasa mai bin sa sai tsofaffin mahaƙa. Baba, da furfurarsa da tarinsa, ya ci gaba da ɗaura igiya a ƙugu yana sauka, ni kuma in zo bayansa in auna abin da ya ƙara. Sa'ad da furaji ya iso unguwarmu ƙirjinsa ya riga ya gama lalacewa.

Ban taɓa faɗa a gida cewa an yanke magana ba. Na ce wa gwaggo ba su amsa ba tukuna. Ina jin ta gane, don ba ta sake tambaya ba. Baba ne bai daina ba. Duk zuwan da na yi, kafin in sha ruwa wani ƙanena zai zo ya ce Baba ya ce a tambayi wancan ko takardar Maraɗi ta samu amsa. Na yi aure ana tambaya, na haifi ɗan farina ana tambaya. A ganinsa aikin hukuma ne, ba ya sauri. Ni ma a ɓoye na nemi wasiƙar. Na je Maraɗi na tarar dattijon ya rasu, kuma bai ajiye kwafi ba. Na rubuta ƙetare sau biyu, ta biyun ta dawo mini ba a buɗe ba.

Ciwonsa na ƙarshe da damina ya zo. Gwaggo ta riga shi rasuwa da shekara biyu, ba sauran mai kai saƙo tsakaninmu. Wata rana bayan la'asar ina zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, ya sallami ƙannena, ya yi gyaran murya, ta zame masa tari mai tsawo. Na matsa kusa. Da ya lafa sai ya dube ni ido cikin ido, abin da bai yi ba tun ranar Rumbu.

"Har yanzu ba su amsa ba?"

"Ba su amsa ba, Baba."

Ya daɗe yana numfashi da ƙyar.

"To. Ni dai na hwaɗa musu duka. Ban rage komi ba."

Ya juya fuskarsa bango. Tambayar tana kan harshena, kuma na san in ban yi ta yau ba babu sauran wanda zan yi wa a duniya: me ka gaya musu, Baba? Na gyara masa mayafi, na buɗe baki, sai na ji kaina ina ce masa ga alama za a yi ruwa da yamma. Bayan kwana biyu muka kai shi makwancinsa.